Sabuwar Camry Ta Samu Karɓuwa, Amma Rigimar Tana Teburin Dila

A watan Nuwamba na 2023 kamfanin Toyota ya baje kolin sabuwar Camry a jihar Kalifoniya ta Amurka, zubi na tara tun da aka fara ƙera motar a farkon shekarun 1980. Sanarwar ta zo da hukuncin da ya ba masu sha'awar mota mamaki: daga samfurin 2025, duk Camry da za a sayar a Amurka haibirid ce, wato mai haɗa injin fetur da na lantarki. An sallami inji mai fulogi shida, an kuma sallami mai fulogi huɗu da ke tafiya da fetur zalla.

Ba ƙaramar kasada ba ce. Fiye da shekara 20 a jere Camry ce kan gaba a cinikin motocin salun a Amurka, kuma tun 1988 ake haɗa ta a garin Georgetown na jihar Kentaki. Ga shi kasuwar salun ɗin kanta tana ta ƙanƙancewa, domin Amurkawa sun karkata ga jif da fikof. Ford ya daina ƙera Fusion a 2020, Chevrolet ya rufe babin Malibu a 2024. Duk da haka Camry ba ta faɗi ba. An sayar da kusan 290,000 a 2023, a 2024 kuma adadin ya haura 300,000. Masu saye sun amince da motar da aljihunsu. Sai dai idan aka saurari ƙorafinsu da kyau, kaɗan ne ya shafi ƙarfen motar. Mafi yawa kan kuɗin da suka biya ne, da hanyar da aka bi aka kai su ga biyan.

Abin da ya sauya a cikin inji

Injin fetur ɗin mai fulogi huɗu ne, lita 2.5, yana aiki tare da injinan lantarki biyu da batirin da aka shimfiɗa ƙarƙashin kujerar baya. Ba a jona motar da wutar gida. Batirin yana cika ne daga injin fetur, da kuma lokacin taka birki, inda ake mayar da ƙarfin gudun motar ya zama lantarki maimakon ya tafi a banza yana ƙona birki. A cunkoso ko a jan danja injin fetur yakan mutu da kansa, motar ta ci gaba da sulalawa da lantarki. Shi ya sa haibirid ta fi nuna tsiminta a cikin gari, wurin da mota ta gargajiya ta fi zuƙar mai.

Ƙarfinta doki 225 ne. Akwai kuma mai jan ƙafa huɗu, wadda aka ƙara wa inji na uku na lantarki a ƙafafun baya, ƙarfinta doki 232. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta auna mafi tsimin cikinsu, wato LE, a mil 51 kan galan guda, kusan kilomita 22 ke nan kan lita ɗaya. Tsohuwar LE mai fetur zalla tana yin mil 32, kimanin kilomita 14 kan lita.

A nan ra'ayin masu saye ya rabu, amma ba rabuwar raba-daidai ba. Magidanta da masu doguwar tafiya zuwa wurin aiki sun yi maraba, domin lissafin gidan mai ya sauka, motar kuma ta fi tsohuwa mai fulogi huɗu saurin tashi. Masu kewar fulogi shida, mai ƙarfin doki 301, su ne suka fi ɗaga murya, sai dai tun asali ba su da yawa a cikin masu sayen Camry. Wani ƙorafin da ake yawan ji shi ne gurnanin inji idan aka danna totur da ƙarfi, saboda giyar motar ba mai hawa mataki-mataki ba ce; injin yakan tsaya kan amo ɗaya yayin da gudu ke ƙaruwa, kunnen da bai saba ba kuwa ba ya jin daɗin hakan.

Sabuwa ce ko kwaskwarima?

Muhawara ta biyu kan jiki ce. An sauya fuska da baya, an sake cikin motar, an ba ta allo mai inci 8 a ƙananan samfura da mai inci 12.3 a manya. An bar maɓallan sanyi da zafi waɗanda hannu ke taɓawa, ba a cusa komai cikin allo ba, kuma direbobi da dama sun yaba da wannan. Amma ƙashin da aka ɗora motar a kai na tsohuwar ce ta 2018, rufinta da ƙofofin gaba ma kusan su ne dai. Masu sukar suna ganin kwaskwarima ce aka kira sabon zubi. Masu kare ta suna cewa wanda ke neman Camry ba ado ya kawo shi ba. Motar da za ta kai yara makaranta shekara goma ba tare da ta kwana a gareji ba yake nema, kuma ƙashin da aka riga aka gwada ya fi ba shi natsuwa.

Farashin gilashi da farashin tebur

A 2024 Toyota ya sa wa LE dala 28,400, ban da kuɗin dakon da ya haura dala dubu kaɗan. Wannan ya ɗara farashin tsohuwa mai fetur da kusan dala 2,000, amma ya yi ƙasa da na tsohuwar haibirid da 'yan ɗaruruwa. A wancan lokaci, da matsakaicin kuɗin sabuwar mota a Amurka ke kusan dala 48,000, ba wanda zai kira wannan tsada.

Matsalar ita ce Toyota ba ya sayar wa mutum mota kai tsaye. Dokokin jihohin Amurka sun daɗe da tilasta wa tsofaffin kamfanonin mota bi ta hannun diloli masu zaman kansu, kuma dila na da ikon sayar da hajarsa yadda ya ga dama. Tun 1958 akwai dokar tarayya, wadda Sanata Mike Monroney na jihar Okalahoma ya jagoranta, da ta wajabta manna takarda a gilashin kowace sabuwar mota mai nuna farashin da kamfani ya ba da shawara. Shawara ce kawai. Dila kan liƙa tasa ƙaramar takarda a gefe, a nan ne kuma ciniki ke sauya kama.

A kan wannan takarda ta biyu ake ganin ƙarin kuɗi da sunan daidaita farashi da kasuwa, wanda babu wani abu da aka ƙara wa motar a madadinsa. Ana ganin kuɗin baƙin gilashi, da na maganin kare fenti, da na zana lambar mota a gilashi don gudun ɓarayi, da na hura wa tayoyi iskar naitirojin, alhali kashi 78 cikin ɗari na iskar da kowa ke shaƙa naitirojin ce. Sai kuɗin cike takardu, wanda Kalifoniya ta ƙayyade a dala 85, amma a Fulorida, inda babu ƙayyadewa, yakan kusanci dala dubu. A kudancin ƙasar akwai ƙarin hannu a tsakani: kamfanonin rarrabawa biyu masu zaman kansu, Southeast Toyota da Gulf States Toyota, su ne ke ba dilolin jihohi goma mota, kuma sukan maƙala nasu kayan ƙari kafin motar ta iso filin dila. Mai saye ba zai iya cewa a cire ba, an riga an ɗaura.

Wannan ɗabi'a ta ƙarin kuɗi ta yi ƙamari ne a 2021 da 2022, lokacin da annobar korona ta jawo ƙarancin ƙananan na'urorin kwamfuta da mota ba ta haɗuwa sai da su. Filayen diloli suka yi wayam. Kamfanin Edmunds mai bibiyar cinikin mota ya ce a Janairun 2022 sama da kashi 80 cikin ɗari na masu sayen sabuwar mota sun biya fiye da farashin gilashi. Sai da Ford da General Motors suka gargaɗi dilolinsu cewa za su rage wa masu wuce gona da iri kason mota. Zuwa lokacin da sabuwar Camry ta shiga kasuwa a 2024 ƙurar ta lafa, amma Toyota na cikin kamfanonin da suka fi ƙarancin mota a ajiye, haibirid kuma kowa nemanta yake. Dilan da ya san motar ba za ta daɗe a filinsa ba, ba shi da dalilin yin ragi.

Ga yadda ƙarin ke cinye amfanin motar. Wanda ke tafiyar kilomita 20,000 a shekara zai rage kusan lita 550 na fetur idan ya bar tsohuwar LE ya koma sabuwa. A farashin man Amurka na 2024, wannan bai kai dala 500 ba. Ke nan sai bayan kamar shekara huɗu tsimin zai mayar masa da dala 2,000 da sabuwar ta ɗara tsohuwa. Idan dila ya ɗora wata dala 2,000 a kai, shekara huɗu ta zama takwas. Injiniyoyi sun yi aikinsu, amma ribar aikin ta zarce aljihun wanda bai taɓa ƙera ko ƙusa ba.

Ba a rasa abin faɗa a ɓangaren diloli ba. Suna cewa ribar sabuwar mota siririya ce, kuma shekara da shekaru su ne ke sayarwa ƙasa da farashin gilashi idan kaya suka yi kwantai, ba wanda ya tausaya musu. Akwai gaskiya a ciki: kaso mai tsoka na ribarsu daga gareji yake fitowa, da motocin hannu, da ofishin bashi. Wannan ofishi na ƙarshe shi ne inda mai saye ya fi rauni. Ya gaji da zama, an riga an sa masa motar a rai, sai a daina maganar jimillar kuɗi a koma tambayar nawa zai iya biya a wata. Da an miƙe bashin zuwa wata 72 ko 84, kowane ƙari sai ya zama kamar ba komai ba.

Hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta so ta taka wa abin birki. A Disamban 2023 ta fitar da ƙa'idar da za ta tilasta wa dila bayyana cikakken farashi tun farko, ta kuma hana cajin kayan ƙarin da ba su da amfani. Ƙungiyar diloli ta ƙasa da ta jihar Teksas suka garzaya kotu, a Janairun 2025 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta soke ƙa'idar, bisa dalilin cewa hukumar ba ta bi matakan sanarwa yadda doka ta tanada ba. Saboda haka kariyar ta koma hannun mai saye. Waɗanda suka fita da farashi mai kyau kusan hanya ɗaya suka bi: sun nemi jimillar kuɗi a rubuce, da haraji da komai, daga diloli da dama kafin su taka ƙafa, sun samo bashi daga bankinsu tun kafin zuwa, sun kuma yarda su tashi su tafi. Duk wanda ya taɓa tayi a Kantin Kwari aka ce masa albarka, ya juya baya, sai ya ji ana kiransa, ya san wannan darasi.

Abin da ke tafe gare mu

Labarin bai tsaya a Amurka ba, domin yawancin Camry da ke yawo a Kano da Kaduna da Abuja can suka fara rayuwa. Ta 2002 da ake kira Big Daddy da ta 2007 da ake kira Muscle duk ta wannan hanya suka zo: shekaru a hannun mai ita na farko, ko haɗari da gwanjon kamfanin inshora, sannan jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano. Ma'anar hukuncin Toyota ita ce, nan da 'yan shekaru, wanda ke son Camry ta Amurka ƙirar 2025 zuwa sama ba shi da zaɓi sai haibirid.

Ta fuskar mai, wannan alheri ne. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kuma lita 550 a shekara kuɗin makarantar yara ne a gidaje da yawa. Ta fuskar gyara kuwa akwai aiki ja. Garantin shekara 10 ko mil 150,000 da Toyota ke bayarwa kan batirin ba ya tsallako teku da motar gwanjo. Zafi yana gajiyar da batir, ƙurar hunturu tana toshe matatar iskar da ke sanyaya shi, wayoyinsa kuma suna ɗauke da wutar da za ta iya hallaka bakaniken da ya taɓa su da ka. Masu gyaran mota na Ƙofar Ruwa da Fanteka sun ƙware kan tsohon inji. Wannan sabon yana buƙatar na'urar bincike da horo.

Farashin da Ba'amurke ya biya yau shi ne tushen farashin da motar za ta yi a gwanjo gobe, kafin a ɗora dako da kwastan da canjin dala da la'adar dillali. Mai saye a nan ba shi da takardar gilashi ko ta shawara, saboda haka bincikensa ne kawai zai tsare shi. Ya nemi lambar jikin motar ya duba tarihinta, ya gano ko ta taɓa haɗari ko nutsewa a ambaliya, ya sa a jona na'ura a karanta lafiyar batirin, ya kuma tambayi kuɗin sabon batir a kasuwa kafin ya yi tayi. Dillalin da ya hana a yi waɗannan, a bar masa motarsa.