Kifin ado a Tawa: Na'urar kwashe kumfa ba ta kowane ruwa ba ce

A otal-otal da manyan kantunan Abijan, Dubai ko Turai, abin da ke fara jan idon baƙo shi ne akwatin gilashi cike da kifaye masu launi kala-kala. 'Yan Adar, waɗanda suka yi suna wajen tafiya neman kuɗi a ƙetare, suna ganin irin wannan ado, kuma ba abin mamaki ba ne wani ya yi sha'awar kafa shi a gidan da ya gina a Tawa.

Wanda ya shiga intanet neman kayan haɗawa zai yi ta cin karo da wata na'ura da 'yan kasuwa ke kira sikima, wato na'urar kwashe kumfa. Kafin a tura kuɗi, ya kamata a san cewa an ƙera ta ne don ruwan gishiri, alhali Tawa na da nisan kusan kilomita 1,000 daga teku mafi kusa.

Aikin na'urar ba shi da wuyar ganewa. Wani ƙaramin famfo yana cakuɗa ruwa da iska cikin bututu, ya samar da dubban ƙananan kumfa. Dattin da ya narke a ruwa, na kashin kifi da ragowar abinci, yana mannewa a jikin kumfar. Kumfar ta hau sama ta zube cikin wani kofi, mai kifi ya cire ya zubar da baƙin ruwa mai wari. Ta haka ake fitar da dattin tun kafin ya ruɓe ya zama amoniya, gubar da ke ƙona matattarar numfashin kifi.

Sirrin yana cikin gishirin. Ruwan teku na ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, kuma gishirin ne ke hana ƙananan kumfa haɗewa da juna. A ruwan famfo ko na rijiya, kumfar tana haɗewa ta yi girma ta fashe nan take, kofin kuma ya zauna kusan wayam. Saboda haka matashin da ke kiwon tarwaɗa ko karfasa a tankin siminti ko na roba, in ɗan'uwansa ya aiko masa da sikima daga waje, ta zama kayan ado kawai.

Kifin da yankin ya sani na ruwan daɗi ne. Tabkin Tabalak, mai nisan kimanin kilomita 50 daga Tawa a kan hanyar Agadas, da tabkin Dan Dutsi, dukkansu sun shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2005, kuma masunta na cin abinci a cikinsu. Mai kiwon irin wannan kifi abin da yake buƙata shi ne injin hura iska, matata mai soso da tsakuwa inda ƙwayoyin halitta masu cinye amoniya za su zauna, da sauya wani ɓangare na ruwan a kai a kai. In ya ga kumfa ta taru a saman tankinsa, galibi alama ce ta abinci ya yi yawa ko kifin sun cunkushe.

Wanda kuwa ya dage sai kifin teku, irin mai ratsin lemo da fari ɗin nan da fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya sa yara suka sani, sikima na cikin kayan da za su taimake shi. Kamfanoni irin su Tunze, Red Sea da Bubble Magus suna rubuta yawan litar da kowace na'ura za ta iya ɗauka, sai dai adadin yakan dace ne da akwati mai kifi kaɗan. Gara a ɗauki wadda ta ɗan zarce girman akwatin. Wadda ta yi girma fiye da kima kuma ba ta samun isasshen datti da zai riƙe kumfa, sai ta riƙa aiki tana tsayawa. Akwai ta ratayawa a gefen gilashi, akwai ta zaunarwa cikin ƙaramin tankin da ke ƙarƙashin akwatin. Ta biyun ta fi ƙarfi, amma tana son zurfin ruwa ya tsaya daidai yadda kamfani ya rubuta.

Sabuwar sikima takan yi mako ɗaya zuwa biyu tana shirme, wani lokaci ta cika kofi da ruwa zalla, wani lokaci ba ta fitar da komai. A lokacin, haƙuri ake yi, ana murɗa makullin kaɗan-kaɗan har kumfa ta tsaya a wuyan kofin. Sabulu ko man shafawa a hannu ma na iya rikita ta.

Gishirin girki, ko na Bilma, ba ya maye gurbin gishirin teku na musamman da ake sayarwa a buhu, wanda dole a shigo da shi duk lokacin da ya ƙare. Sannan a iskar Tawa ruwa na saurin ƙafewa ya bar gishirin a baya, don haka da tataccen ruwa marar gishiri ake cike gurbin, in ba haka ba gishirin ya yi ta ƙaruwa har ya kashe kifin.

Babban ƙalubale shi ne zafi da wuta. Kifayen murjani suna son ruwa mai ma'aunin zafi 24 zuwa 26, a garin da Afrilu da Mayu ke haura 40. Ana buƙatar injin sanyaya ruwa ko ɗaki mai na'urar sanyi dare da rana. Ruwan ɗumi kuma ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, ruwan gishiri ya fi ma rashin riƙewa, shi ya sa ɗaukewar wuta ta 'yan sa'o'i ke iya hallaka akwati guda. Nijar ta ga haka a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse mata wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Faifan sola da batir da za su riƙe famfunan har gari ya waye suna iya cin kuɗi fiye da sikimar da kifin gaba ɗaya.