Husinets: ƙaramin garin da ya ƙi mantawa da ɗansa

A kudancin ƙasar Cek, cikin yankin Bohemiya, akwai wani ƙaramin gari a bakin kogin Blanitse mai suna Husinets. Mazaunansa ba su kai 2,000 ba. A dandalin garin akwai mutum-mutumin wani malamin addinin Kirista, Yan Hus, aikin masassaƙi Karel Lidicky, wanda aka kafa a shekarar 1958. Kusa da nan kuma ga gidan da ake cewa a cikinsa aka haife shi wajen shekarar 1370, wanda aka mai da shi gidan tarihi.

Hus ɗan talakawa ne. Ya tafi Firag babban birni neman ilimi, ya zama limami, har ya shugabanci jami'ar birnin a 1409. Tun daga 1402 yake wa'azi a majami'ar Baitalami, da harshen Cek wanda ƴan kasuwa da masu sana'a ke ji, alhali kuwa Latin ne harshen malamai. Yakan soki limaman da suka mai da muƙaman ikilisiya haja, mai kuɗi ya saya.

Rikici ya tsananta a 1412, lokacin da aka kawo takardun gafara ana sayarwa a Firag. Wanda ya biya, an ce an sassauta masa horon zunubansa. Kuɗin kuwa na yaƙin da Fafaroma Yohana na 23, ɗaya daga cikin mutum uku masu da'awar kujerar a lokacin, ke yi ne da sarkin Nafoli. Sarkin Bohemiya ma yana da rabonsa a cinikin. Hus ya ce gafarar Allah ba ta sayarwa ba ce. Da wannan magana ya rasa goyon bayan fada, aka yi masa hani, ya bar birni ya koma wa'azi a karkara.

A 1414 aka kira shi babban taron ikilisiya a Kwanstans, garin da ke cikin Jamus a yau. Sarki Sigismund ya ba shi takardar amana cewa ba mai taɓa shi. Bai yi wata guda da isa ba aka kama shi aka kulle. Masu shari'a suka ce alkawari ba ya kare wanda ake tuhuma da bidi'a. Suka nemi ya janye maganganunsa, shi kuwa ya ce sai an nuna masa kurensa daga Littafi Mai Tsarki. Ranar 6 ga Yuli 1415 aka ƙone shi da ransa, aka watsa tokarsa a kogin Rin, don kada a sami kabarin da mabiya za su riƙa ziyarta.

Dabarar ba ta ci ba. Manyan ƙasa 452 suka sa hatiminsu a takardar ƙin amincewa da hukuncin, kuma daga 1419 zuwa 1434 aka gwabza yaƙi, inda mabiyan Hus suka sha korar rundunonin da aka turo musu. Kimanin shekara ɗari bayan rasuwarsa, a 1517, Martin Luther ya tada irin wannan magana a Jamus.

Tun daga nan kowane mai mulki ke jan Hus wajensa. Masu kishin ƙasa sun yi masa babban mutum-mutumi a Firag a 1915. A 1925, da shugaba Masaryk ya halarci bikin tunawa da shi, jakadan Fafaroma ya fice daga ƙasar don fushi. Gwamnatin ƴan gurguzu, wadda ta matsa wa majami'u lamba, a zamaninta ne aka kafa na Husinets, domin ta ɗauke shi a matsayin gwarzon talakawa. A watan Disamba 1999 kuma Fafaroma Yohana Bulus na 2 ya bayyana baƙin cikinsa a kan mugun kisan da aka yi masa.

Yau 6 ga Yuli ranar hutu ce a duk ƙasar Cek, kuma a wannan lokaci baƙi kan cika dandalin Husinets. Alkawari kaya ne: na Sigismund ya karye a 1414, kuma har gobe da shi ake tuna sarkin a Bohemiya.