Hannun Kawuna da Idon Kwamfuta

Lokacin da hannun kawuna na dama ya fara karkarwa, gidanmu a Kebbe ya rabu uku: masu cewa sammu, masu cewa iska, da masu cewa tsufa ne kawai. Hannun yakan yi rawa ko da ya ɗora shi a gwiwa, tafiyarsa ta koma jan ƙafa, fara'a ta ɗauke daga fuskarsa. Sai bayan shekara biyu wani likita a Sakkwato ya faɗa mana sunan abin: cutar Parkinson, wadda likitan Ingila James Parkinson ya bayyana a 1817.

Tushenta mutuwar wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne masu samar da sinadarin dofamin, wanda ke daidaita motsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu fama da ita sun haura miliyan 8.5 a 2019. Wahalar ita ce akwai cututtukan da ke kama da ita a farko, alhali maganin lebodofa da ke sassauta ta ba ya yi musu wani tasiri sosai. Hoton MRI kuwa sau da yawa yakan fito tamkar na mai lafiya a idon ɗan'adam.

Nan ne masana suka juya ga ƙirƙirarriyar basira. Ana ciyar da kwamfuta da dubban hotunan da aka riga aka san cutar masu su, har ta koyi auna ƙanƙancewar wani sashe ko sauyin da ido ba ya kamawa. A ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa, wannan abin maraba ne.

Amma da sauran rina a kaba. Akasarin hotunan da ake koyar da kwamfutar na Turai da Amurka ne. A 2023 wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani sauyin ƙwayar gado mai ƙara haɗarin cutar ga 'yan asalin Afirka ta Yamma, wanda da wuya a same shi a Turawa. Na'urar da ba ta san mu ba, yaya za mu sakankance da hukuncinta?

Sannan kwamfuta ba ta karanta hoton da ba a ɗauka ba. Kafin manomin Kebbe ya bi ta Tambuwal ya isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, sai ya sayar da hatsi ko akuya.

Don haka ina kira da a horar da ma'aikatan asibitocin Tambuwal da Kebbe su gane alamomin su tura majiyyaci da wuri, gwamnati ta sauƙaƙa samun lebodofa, jami'o'inmu kuma su tara hotunanmu da yardar masu su.

Yau kawuna yana shan maganinsa, yana kai kansa kasuwa. Shekara biyun nan da muka ɓata ne ba za su dawo ba.