Wagadugu: alamomin haɗari ga mai neman aikin hidimar matasa a coci

A unguwar Zongo da ke yammacin Wagadugu, kamar sauran unguwannin gefen birnin, ƙananan majami'u na yawaita, kuma da dama na neman wanda zai riƙe zumuntar matasa da makarantar Lahadi. Ƙidayar 2019 ta nuna kashi 20.1 cikin ɗari na al'ummar Burkina Faso 'yan Katolika ne, kashi 6.2 kuma 'yan Furotesta. Matashi Kirista mai jin Hausa, musamman baƙon da ya zo daga Nijar ko Najeriya, na iya samun gurbi a wannan fanni. Sai dai akwai abubuwan dubawa kafin ya amsa.

Na farko shi ne tushen cocin. Ikilisiyoyi irin su Assemblées de Dieu, wadda ta fara aiki a ƙasar a 1921, suna da shugabanni na sama da ake kai wa kuka, kuma yawancin manyan ikilisiyoyin bishara na cikin ƙungiyar FEME. Ba duk coci mai zaman kansa ne abin zargi ba. Amma inda fasto shi ne ma'aji, shi ne sakatare, babu dattawan da za su iya ce masa a'a, to ma'aikaci ba shi da madogara ranar da aka samu saɓani.

Na biyu, albashi. Idan aka tambayi kuɗi sai amsa ta zama "aikin Ubangiji ne", ya kamata a yi hattara. Aikin sa kai daban, aikin albashi daban, kuma dole a fayyace tun farko. Tun 2023 mafi ƙarancin albashi a Burkina Faso sefa dubu 45 ne a wata, kuma doka ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya yi masa rajista a asusun CNSS. Ƙin rubuta yarjejeniya, ko ɗaura albashi a kan yawan baikon da matasa suka tara, alama ce mara kyau. Haka ma wanda ya nemi a turo kuɗin cike takardu ta Orange Money, ko ya ce zai ajiye fasfon ma'aikaci a wurinsa.

Na uku, tsaron yara. Cocin da ke barin babba ya keɓe da yaro, ko yake kai matasa sansani ba da izinin iyaye ba, yana jefa yaran da ma'aikacin cikin haɗari. Inda ake cewa a rufe zargin cin zarafi don kare sunan coci, babu dalilin zama. Lambar 116 kyauta ce don kai rahoton cin zarafin yara.

Sai batun wurin aiki. An kashe fasto da masu ibada a Silgadji a Afrilun 2019, aka kuma kai hari a cocin Katolika na Essakane a Fabrairun 2024. Wanda aka ɗauka a Wagadugu yana da haƙƙin sanin ko za a riƙa tura shi ƙauyuka, da kuma waɗanne.

Hanya mafi sauƙi ta gane gaskiya ita ce neman wanda ya riƙe muƙamin a baya. Idan mutum uku sun bar kujerar cikin shekara biyu, kuma aka hana mai nema ganawa da ko ɗaya daga cikinsu, gara ya nemi wani wurin.