Ina Hitila Ya Shiga?

Watakila ka taɓa jin wani ya ce Hitila, shugaban Jamus wanda ya ta da yaƙin duniya na biyu, bai mutu ba sa'ad da aka ci ƙasarsa. Waɗansu su ce jirgin ƙarƙashin ruwa ya gudu da shi Ajantina, ya tsufa can a ɓoye. Waɗansu su ce Sifen ya nufa. Har akwai masu cewa ƙarshen duniya ta kudu ya tafi, inda babu kome sai ƙanƙara. To, bari in gaya maka abin da ya auku, sa'an nan ka ga inda maganar nan ta samo tushe.

A watan Afrilu na 1945 sojojin Rasha suka kewaye Balin, babban birnin Jamus. Hitila kuwa yana cikin waɗansu ɗakuna da aka gina a ƙarƙashin ƙasa, bayan fadarsa, don tsoron bom. Ran 29 ga wata ya ɗaura aure da wata mace, Eva Braun. A ran nan kuma labari ya iso masa an kashe abokinsa Musolini na Italiya. Shi ko ya riga ya faɗa ba ya so a yi kallonsa, ko da rai ko a mace. Kashegari, wajen la'asar, ya harbe kansa, matar ta sha guba. Barorinsa suka fitar da gawawwakin cikin lambu, suka zuba musu man fetur, suka cinna wuta.

Ka lura, tun daga ran farko ƙarya ta shiga labarin. Ran 1 ga Mayu rediyon Jamus ya ce wai Hitila ya mutu yana yaƙi. Wanda ya ji wannan, daga baya aka ce masa a'a, kashe kansa ya yi, ai dole ya tambaya, wace ce gaskiya?

Amma babbar ƙaryar ba daga Jamus ta fito ba. Da Rashawa suka shiga fadar, suka tona lambun, suka sami abin da wuta ta bari. Fuska ba ta ganuwa, sai dai haƙora sun saura, da gyaran zinariya da aka yi musu. Aka nemo wata mace, Käthe Heusermann, mai taimakon likitan haƙoran Hitila. Ta bayyana yadda bakinsa ya ke, aka nuna mata haƙoran, ta shaida su. Watau tun cikin watan Mayu Sitalin, shugaban Rasha, ya san abokin gābansa ya mutu.

Duk da haka sai ya ɓoye. Ran 9 ga Yuni babban janar ɗinsa, Zukof, ya gaya wa 'yan jarida ba a sami gawar da za a ce ta Hitila ce ba, mai yiwuwa ya tsere a jirgin sama. A watan Yuli, wurin taron Potsdam, Sitalin da bakinsa ya ce wa manyan Amurka watakila Hitila yana Sifen ko Ajantina. Matar nan da ta shaida haƙoran kuwa aka kai ta Rasha aka tsare, ba ta koma gida ba sai 1955. Ni da na daɗe ina aikin ofis na san abu guda: in mai riƙe da takarda ya kulle ta a akwati, ya fito ya ce babu, to, kowa zai rubuta tasa a ka. Jita-jita kuwa ta yi wa Sitalin amfani, domin ta sa ana zargin ƙasashen yamma da ɓoye mutumin.

Sai ga abin da ya ƙara wa wutar itace. A watan Yuli da na Agusta jiragen ƙarƙashin ruwa biyu na Jamus suka ɓulla a Mar del Plata, wata tashar jiragen ruwa ta Ajantina, suka miƙa wuya. Aka yi wa ma'aikatansu tambayoyi, ba a sami wata shaida cewa sun ɗauko Hitila ba. Amma kada ka ce masu zato duka wawaye ne. Gaskiya ne waɗansu manyan mutanensa sun gudu can. Eichmann, wanda ya shirya kwasar Yahudawa zuwa wuraren kisa, a Ajantina aka kama shi a 1960. Mutane suka ce, in bara ya tsira, me zai hana ubangida?

Ingilishi suka sa wani hafsansu, Trevor-Roper, ya bi sawun maganar. Ya tambayi waɗanda suka zauna cikin ɗakunan nan, a watan Nuwamba na 1945 ya ba da labari cewa Hitila ya kashe kansa. Da Rasha ta saki barorin da suka ƙone gawar, wata kotu ta Jamus ta saurari shaidu, ta tabbatar da mutuwarsa a 1956.

Wani abu ya sake ta da ƙura a 2009. Akwai guntun ƙoƙon kai mai hudar harsashi da ke ajiye a Mosko, ana cewa na Hitila ne. Masana na Amurka suka gwada shi, suka ce na mace ne. Nan da nan aka yi ta cewa, kun gani! Sai dai guntun nan ba tare da haƙoran aka tsince shi ba, a 1946 aka same shi cikin lambun, inda gawawwaki suka yi yawa. Tun asali ba a kansa shaidar ta tsaya ba.

A 2017 Rasha ta bar waɗansu likitocin Faransa suka duba haƙoran. Suka gwada su da hotunan ƙashin kan Hitila waɗanda aka ɗauka a 1944, yana da rai, suka tarar sun yi daidai. Ko burbushin nama ba su gani a jikinsu ba, Hitila kuwa an san ya daina cin nama. Mutum ya iya sake suna, ya aske gashin baki, amma ba ya barin muƙamuƙinsa a Balin ya tafi Ajantina.

Sauran ƙasusuwan fa? Rashawa sun binne su a ɓoye a garin Magdeburg. A 1970 suka tono su, suka ƙone ƙurmus, suka watsa tokar cikin kogi, don kada kabarin ya zama wurin ziyara. Haƙoran kuwa suka ajiye a Mosko.