Mene ne bidiyon haɗin gwiwa?

Fim ne da jama'ar unguwa ke shiryawa da hannunsu, kowa ya bayyana abin da ya yi imani da shi kan addini, al'ada da zaman duniya. Tushensa tsibirin Fogo ne na Kanada, inda a 1967 mai shirya fim Colin Low ya ɗauki masunta a fim suna faɗin damuwarsu, aka kuma nuna musu fim ɗin.

Da farko ana koya wa mahalarta sarrafa kyamara. Sai su yi wa juna tambayoyi, su kalli abin da suka ɗauka tare, su yanke shawarar abin da za a bari.

Ya fi amfanar waɗanda ba a cika sauraro ba, kamar mata da matasa. Maƙwabta masu bambancin aƙida kuma kan ji juna kai tsaye, ba ta jita-jita ba.