Tafki Ya Ja Baya, Mutum Ya Bi Shi, Saniyar Kuri Fa?

Jama'a, duk wanda ya daɗe yana bin kasuwannin Diffa da N'guigmi da Bol ya san saniyar Kuri: fara, doguwa, ba tozo, ga ƙaho kumburarre kamar tulu. Buduma ne masu ita. Cikin ruwa take kiwo, ta yi iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan. Yau sai ka zagaye kara tun safe har azahar ba ka ga tsantsarta biyar ba.

Tafkin Chadi ne silar abin. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 ya rage shi, na 1984 ya kusa ƙarasa shi, har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Mu da muke yara a lokacin mun ga N'guigmi, garin bakin ruwa, ya wayi gari a kan tudu.

To, ɗan Adam Allah Ya ba shi dabara. Masunci ya jingine kwalekwale, ya shuka masara da wake a inda jiya yake jefa taru. Wasu suka bi ruwan har Darak, suka kafa gari a ƙasar Kamaru. Mu ma fatake mun rage kora a ƙasa, muka koma loda tirela. An sha wuya, amma an canza.

Dabba ba ta da wannan. Mariri, da kakanninmu suka sani garke-garke a hamada, fari da bindiga suka gama da shi, a 2000 aka ce babu saura a daji. Sai a 2016 aka dawo da wasu Chadi daga Abu Dhabi, a jirgin sama!

Kuri ba bindiga ke cin ta ba. In ta bar ruwa sai ta rame, tafiyar nesa cikin yashi ba tata ba ce. Shi ya sa makiyayi ke sa mata bijimin Bororo ko na Shuwa, don ɗan ya jure fari. Ba mu ga laifinsa ba, tunda mu da kanmu wanda zai kai Legas da ƙafarsa muke taya wa. An ware mata garke a cibiyar Sayam da ke jihar Diffa, amma garke ɗaya ina zai kai? In tsantsar bijimin Kuri ya shigo hannunku, a fara neman mai kiwo a tsibiri kafin a kira mahauci.